Takwaran Ammi Hamid

Asabar, 3 ga Rajab, bayan Asuba

Kwana biyu ke nan. Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Alhamis ba. Duk unguwar Ƙurban an sani, takarda kuma ba ta tambaye ni ba.

Abin da zan rubuta shi ne gidan ya yi tsit. Daga ni sai ƙadangaru tara a cikin kwalabe, su kuwa ko lokacin da suke da rai ba masu hira ba ne. Mai ɗakina ta tafi gidan mahaifinta da akwati ɗaya. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da na san inda zan kama. Makulli ta ajiye a kan firij, ta ce “ma'assalama, ya Daktur,” kamar wadda ta zo karɓar magani.

Daktur. Shekara goma sha uku rabona da Rano. Biyar na yi a Malesiya da tsibiran da ke kewaye ina bin ƙadangare daga bishiya zuwa bishiya, aka ba ni digiri na uku. Ga ni yau a Madina ina wanke kwalaben ɗakin gwaji a wata kwaleji, ina nuna wa 'ya'yan mutane inda zuciyar kwaɗo take. Alhamdu lillahi. Wanda yake sallah a garin nan ba ya ƙorafi da ƙarfi. Shi ya sa na sayi littafin nan.

Lahadi, 4 ga Rajab, hantsi, a wurin aiki

Bari in tsara maganar, don in wani ya tsinci littafin nan ya san ba taɓin hankali gare ni ba.

A dazukan can akwai wani ƙadangare, in an cire wutsiya bai fi yatsa da rabi ba. Ƙasusuwan haƙarƙarinsa dogaye ne, fata ta haɗa su. In ya buɗe su sai su zama kamar laima, ya sako kansa daga wannan bishiya ya sulale cikin iska ya kama waccan. Irinsu sun kai arba'in, kowanne da sunansa a littafin masana. Wanda na kamo a wani ɗan tsibiri bai dace da ko ɗaya ba. Kunnensa a rufe yake da ɓawo, haƙarƙarin laimarsa biyar, namijin kuma yana da wata fata a maƙogwaro da yake ɗagawa kamar tuta, ja-ja kamar an ƙunsa mata lalle. Gidan adana dabbobi na can ya ara mini tara in yi nazari. Shekara shida muna ƙirga da aunawa kafin wata mujallar masana ta yarda sabo ne.

A al'adar sana'armu wanda ya gano shi ke raɗa suna, in kuma aka buga an buga, babu mai gogewa. Ni sai na ce bari in yi wa surukina takwara. Ammi Hamid Dumbulwa ya ba ni 'yarsa lokacin da danginsa ke cewa ga 'yan ƙasa birjik, me za a yi da ɗan Najeriya mai iƙamar shekara-shekara. Ba ni da fili, ba ni da mota. Abin da nake da shi na ba shi.

Na gaya masa halitta ce mai tafiya a iska, mazauninta ƙololuwar bishiya, ba ta taka ƙasa sai dole. Duk gaskiya ne. Hoto ne kawai ban nuna masa ba. Shi kuma tun da ya ji an ce takwara ya ce sai an yanka rago, haka kakanninsa suka zo da al'adar daga Haɗeja, kuma bai ga dalilin da zai sa a bari don takwaran ba mutum ba ne. Ya gayyaci maza sittin. Daga baya na ji yana ta gaya wa mutane shaho ne.

Ammi yana sa wa gemunsa lalle. Ban tuna da wannan ba sai da hoton ya cika talabijin ɗin majalisarsa.

Na ce ba zan rubuta ba.

Lahadin dai, bayan La'asar

Abu ɗaya ya tafi daidai a ranar, shi ne shafin godiya na takardar binciken. Na karanta shi a lasifika da Hausa da Larabci, har mata a ɗaya ɗakin sun ji. Mutum goma sha huɗu na gode wa, ban tsallake kowa ba. Wannan ko maƙiyina ya shaida.

Litinin, 5 ga Rajab, bayan Magariba

Ba ta kira ba. Ful da tamis na ci, wake da gurasa.

Talata, 6 ga Rajab, azahar

Wasiƙa daga mujalla. Ɗaya daga masu duba aikin yana so a ƙirga 'yan ɓawon da ke ƙarƙashin yatsa na huɗu na ƙafar baya, a duka taran, a aika kafin 24 ga wata, in ba haka ba sai a jira wata shekara. Mutumin yana da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ƙaramin aiki ne dai.

Ba ta kira ba.

Laraba, 7 ga Rajab, bayan Magariba

Malam Abdussamad ya shigo da kwanon tuwo daga matarsa. Maƙwabcina ne, ɗan Zariya, yana digiri na uku a fiƙihu. Yana cikin sittin ɗin. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba, yau na gane tunani ne ya hana shi.

Ya ɗauki kwalba ta ɗaya ya ɗaga ta wajen fitila.

“Daktur, ni fa mas'alar ce ta tsaya mini. Tsuntsu ne?”

“Ba tsuntsu ba ne.”

“Ai yana tashi.”

“Ba tashi yake yi ba. Faɗowa yake yi a hankali.”

“To ai kowa ma haka yake yi,” in ji shi. Ya juya kwalbar. “Abin tsoron shi ne ya zama tsaka. Don in wazag ne, ka san hukuncinsa. Ka ɗauko abin da ake samun lada in an kashe ka liƙa masa sunan surukinka, wannan sai an zauna.”

Na yi masa bayani. Tsaka yawon dare take yi, yatsunta masu mannewa ne a bango. Wannan ɗan rana ne, dangin ƙadangaren katangar gidajenmu ne, mai jan kai ɗin nan da ke gyaɗa wa kowa kai bai yarda da kowa ba.

“Yaya yake da labbu, damon Larabawan nan da ake ci?”

“Gidansu ɗaya.”

Fuskarsa ta washe. Ya ce to an samu mafita, in gaya wa Ammi takwaransa ɗan gidan halal ne. Sai ya shinshina murfin.

“Wannan ruwan fa?”

“Sifirit ne. Shi ke hana su ruɓewa.”

“Yana sa maye?”

“In ka sha.”

Ya ajiye kwalbar a hankali, ya goge hannunsa a labulena.

“Daktur, ka jiƙa takwaran surukinka a giya. A Madina.”

Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce matarsa ta ce ya gaya mini ba ƙadangaren ba ne. Na ce ba shi ba ne me? Ya ce ita ma iyakar abin da ta ce ke nan, kuma a mayar mata da kwanonta.

Mata da magana a dunƙule. Tuwon ya yi daɗi. Rabona da miyar kuka tun azumi.

Alhamis, 8 ga Rajab, bayan Asuba

Mako guda. Sanyi. Ban san inda take ajiye barguna ba.

Alhamis ɗin, bayan La'asar

Yayata Hajo ta turo saƙon murya daga Rano. Bidiyon ya isa can. Wani ɗan albarka ya ɗauka, daidai inda aka jera gemu da tuta. Ta ce: “Isah, duk ƙadangarun da ke kan duwatsun Rano ba su ishe ka ba, sai da ka haye teku?” Ta yi dariya har tari ya kama ta. Sannan ta tambaya yaushe zan zo, rufin ɗakin Inna ya fara zuba, ba a san ko a gyara ko a bari ba tunda ba mai kwana.

Na saurari saƙon sau huɗu. Ban amsa ba.

Juma'a, 9 ga Rajab, bayan La'asar

Na je biko.

Ammi ya karɓe ni a majalisar da abin ya faru. An rufe talabijin ɗin da darduma. Ya zuba mini gahawa sau uku. Na lura gemun ya sha sabon lalle, ya fi na da ja. Na ɗauka faɗa ne a fakaice.

Na durƙusa na ce: “Ammi, na yi kuskure. Ba a buga ba tukuna, akwai sauran lokaci. Zan cire sunan.”

Ya ajiye butar gahawa.

“Ka cire?”

“In ka yarda.”

“Ya Daktur, a garinku ana yanka rago, a ci, a shafa fatiha, sannan a dawo a ce a ba mu sunanmu? Aibi ne wannan. Takwarana ne, halas, magana ta ƙare. Ko kunama ce.”

Ya leƙa ƙofa, ya matso kusa, ya rage murya.

“Mita nawa yake yi?”

“Na'am?”

“In ya yi tsallen. Siddiƙ mai baƙala, kantin unguwa, kullum in na shiga masallaci sai ya buɗe hannuwa ya ce ga Abu Janah, mai fiffike ya iso. Ina so in ba shi lamba.”

Na ce an ga danginsa sun yi kusan mita sittin.

“Sittin,” in ji shi. Ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa. “Ba inji, ba mai, ba direba. Shekara talatin da huɗu ina ɗaukar kayan alhazai a filin jirgi, ban taɓa ganin wanda ya sauka bai ɓatar da jakar kowa ba sai wannan.”

Da na ga ya saki, sai na kawo maganar da ta kai ni.

Ya ce: “Wallahi ni ban kira ta ba, ban riƙe ta ba. Ni ma na tambaye ta ko don ni ne. Ta ce, ‘Abuya, kai ai an ambace ka.’”

To ga shi nan. An ambaci mahaifinta a inda aka yi dariya, dole ta ji zafi. Ammi mutumin kirki ne, yana rufa mini asiri ne kawai. Na ji motsin silifa a bayan ƙofar cikin gida. Na san tafiyar. Ba ta fito ba.

Lahadi, 11 ga Rajab, bayan La'asar

Na zauna ƙirga. Kwalba ta ɗaya, yatsa na huɗu. Ashirin da huɗu. Na sake don tabbatarwa, ashirin da tara. Na sake, ashirin da ɗaya.

Fitilar ce.

Litinin, 12 ga Rajab, bayan La'asar

Na sayi sabuwar fitila. Na ƙirga, talatin. Na sake, goma sha takwas.

Abin da likita ya ce game da suga da idanuna ba na littafin nan ba ne.

Talata, 13 ga Rajab, bayan Magariba

Na roƙi Malam Abdussamad. Ya sa safar hannu biyu-biyu, ya yi bisimilla, ya kai goma sha uku, ya ce yatsan ya motsa. Ya tafi gida ya sake alwala.

Ba ta kira ba.

Laraba, 14 ga Rajab, hantsi

Ban je aiki ba. Na ɗauko littattafan awo in ga yadda muka yi a baya. Huɗu ne, masu koren bango. Na buɗe na farko, na buɗe na ƙarshe, na bi tsakiya.

Tunda ni kaɗai ne zan karanta, bari in yi adalci. Shafi goma sha ɗaya na farko rubutuna ne. Sauran nata ne. Ta karanci ilimin halittu a kwalejin mata kafin aurenmu, hannunta ba ya rawa. Ni nake fito da su daga kwalba in shanya a tire, ita take duƙawa a kan madubin ƙara girma, tana ƙirga da Larabci a hankali kamar mai jan carbi. Zanen laimar da mujalla ta yaba ma nata ne.

Kunnen kuma. Wata ranar Asabar ce, ina shan shayi, ta ce: “Daktur, wannan ba shi da kunne.” Na ce ki sake dubawa. Ta sake. Ta duba sauran takwas. Duk a rufe. A kan kunnen nan aka gina rabin takardar.

To, mace ta taimaki mijinta. Allah ya ba ta lada. Ban ga abin da ya kawo wannan cikin maganar Ammi ba.

Alhamis, 15 ga Rajab, azahar

Mako biyu. Saura tara.

Na samu bargunan. A saman kabad suke, inda ta gaya mini bara.

Asabar, 17 ga Rajab, hantsi

Gwaggo Ƙaltume ta aiko a kira ni. Yayar Ammi ce, ta haura tamanin, ita kaɗai ce a gidan Hausarta ba ta gauraya ba. Duk Asabar tana zuwa nafila masallacin Ƙuba. Na same ta a harabar, kan kujerarta mai naɗewa, tana cin dabino tana tara ƙwallayen a gefen mayafi.

“Zauna, ɗan nan. Ka rame. Madalla.”

Na zauna a ƙasa. Na fara ba da haƙuri kan gemun Ammi.

“Rabu da Hamidu, tun yana yaro yake neman abin da za a san shi da shi, ya samu.” Ta ɗaga yatsu. “Mai kwale-kwale. Mai dafa muku shinkafa. Wani Farfesa. Wanda ya ba ka takardar shiga daji. Wani kuma da ya ara maka tsani.”

“Tsanin ya yi amfani, Gwaggo.”

“Mai tsani ya samu Hausa, ya samu Larabci. Mu talatin muna ɗaki muna ji. Duk sunan da ka faɗa sai matan su juya su dube ta, don kowa ya san shekara shida ba ta zuwa biki sai da warin ruwan nan naka a hannu. A na goma ta gyara zama. A na goma sha biyu ta gyara mayafi. A na goma sha huɗu ka ce wassalamu alaikum.”

Na ce: “Gwaggo, ai don mutuncinta ne. A wurinmu ba a ɗaukar sunan matar aure a kai gaban maza, balle a buga shi a takarda duniya ta karanta. Mahaifina ya yi shekara arba'in da Inna, ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. ‘Ke’ yake cewa, in a waje ne ya ce ‘masu gida’.”

“Innarka ta ƙirga masa ƙadangaru?”

“A'a.”

“To.”

Ta tofar da ƙwallo a tafin hannu.

“Ni ma nawa har ya koma ga Allah bai faɗi sunana ba, kuma ban yi yaji ba. Amma shi bai tara mutum sittin ya karanta musu sunan mai tsani ba. In za ka yi kunya, ɗan nan, yi ta duka.”

Ta miƙo mini dabino ɗaya, ta ce in ɗaga ta, bas ɗinta ya kusa.

Asabar ɗin, bayan La'asar

Yanzu ni ne azzalumi. Ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ni da na bar garinmu, na bar uwa ta mutu ban gan ta ba, na zauna a ƙasar da ko shekara ɗari na yi ɗan iƙama ne. Abu ɗaya na riƙe daga gida, yadda na ga ubana yana yi, shi ma an ce laifi ne. Mutum ya bar ƙasarsa, ya bar abincinsa, a ce kunyarsa ma ya ajiye a filin jirgi.

Na rubuta wannan, na tashi na zaga har tsofaffin gonakin dabinon bayan Ƙuba, na dawo na karanta.

Duk gaskiya ne. Amma shafi goma sha ɗaya ne nawa.

Lahadi, 18 ga Rajab, azahar

Na tura mata saƙo. Na ce zan ƙara layi a shafin godiya: “da iyalina, saboda haƙurin da suka yi.” Na ga layin ya yi kyau, ya rufa asirin kowa.

Ta amsa. Karo na farko cikin kwana goma sha bakwai. Da Larabci, kamar kullum, ni in yi Hausa ita ta mayar da Larabci. Ga fassarar:

“Ni ban yi haƙuri ba. Ƙirga na yi.”

Litinin, 19 ga Rajab, bayan Asuba

Wani saƙon nata ya shigo ina masallaci. “A sama, tare da masu aikin, ba a ƙasa da mai tsani ba. Kuma a lasifikar da aka fara.”

Na rubuta wa Farfesa, abokin aikina na can, wanda sunansa ke kusa da nawa a takardar. Na yi ta kewaye-kewaye shafi guda kafin in kai ga maganar.

Talata, 20 ga Rajab, hantsi

Farfesa ya amsa cikin layi uku. Ya ce sau biyu ya tambaye ni wane ne mai sa harafi ɗaya a gefen kowane shafin awo, na ce mataimaki ne. Ya ce shi duk zatonsa wani ɗalibi ne nake zalunta, yana jiran a buga ya yi mini faɗa. Ya riga ya rubuta wa mujalla, sun yarda, ita ce ta biyu, ni na farko, shi na uku.

Wato shekara uku mutumin nan yana gaishe ni da fara'a yana ɗaukata ɓarawo.

Na fi sa'a ina neman abin da zan mayar masa. Na rubuta “na gode”.

Laraba, 21 ga Rajab, bayan La'asar

Rubutawa a fom ba wuya, yatsa ne ke yi. Lasifikar ce.

A ɗaurin aure waliyyi ne ya faɗi sunanta, ni amin na ce. A gida “ke” nake cewa, in ina cikin nishaɗi in ce “Hajiya”. Yau na rufe ƙofa na gwada a gaban kwalba ta uku. Ya fita, amma kamar tari.

Na gwada a gaban ta bakwai, macen. Ta fi sauƙin kai.

Alhamis, 22 ga Rajab, bayan Magariba

Wannan Alhamis ɗin zan rubuta.

Na roƙi Ammi ya kira mutum goma. Da na isa bayan La'asar takalma sun cika har bakin titi. Labari ya zaga cewa Daktur zai sake magana, kowa ya zo ya ga wace dabba ce kuma. Babu rago, kabsa ce, shinkafa da kaza. An ɗauke dardumar daga kan talabijin, hoton yana nan, Ammi ya sa kujerarsa daidai ƙarƙashinsa, gemu a taje.

Shi ya fara karɓar lasifikar. Ya yi minti goma a kan mita sittin. Ya sa aka auna majalisar da taku, aka samu tara, ya dubi Siddiƙ mai baƙala ya ce: “Kai daga nan zuwa tabarmar can ma sai an riƙe ka.” Ya ce takwaransa ɗan gidan halal ne, ga malami nan a tambaye shi. Malam Abdussamad ya ce a dunƙule haka ne, amma akwai tafsili. Ba a ba shi dama ba.

Sai aka miƙo mini.

Na ce ranar nan na karanta sunaye goma sha huɗu, akwai wanda ya fi su duka aiki ban faɗa ba. Na so in ce mantuwa ce. Na ce ba mantuwa ba ce.

“Ita ce 'yar Ammi Hamid.”

Ammi ya ce: “Huɗu gare ni.”

“Ta ukun.”

“Ni tsoho ne, ya Daktur. Lissafi ya gudu.”

Aka yi 'yar dariya. Ta bayan bango kuwa babu ko motsin cokali. Ban taɓa sanin shirun mata talatin yana da nauyi haka ba. Na dubi hoton. Shi dai in zai bar bishiya ba ya tsayawa shawara.

Na ce: “Suhaila.”

Na ce Suhaila bint Hamid Dumbulwa ce ta ƙirga, ita ta auna, ita ta zana, ita ta fara ganin kunnen a rufe lokacin da ni nake shan shayi. Na ce idanuna sun yi rauni shekara biyar ke nan, da nata na yi aikin. Wannan ban shirya faɗarsa ba, shi ya biyo baya da kansa. Na maimaita duka da Larabci.

Rufin bai faɗo ba. Wani ya ce masha Allah, wani ya ce a miƙo masa yaji. Daga ɗakin mata aka fara guɗa guda ɗaya, tsohuwar murya, tari ya katse ta a tsakiya.

A wajen takalma Malam Abdussamad ya kama hannuna ya ce ai babu ko karahiya a ciki, littattafan hadisi cike suke da sunayen mata, har da na iyayensu. Na ce to me ya hana ka gaya mini tun farko? Ya ce: “Ba ka kawo mini wannan mas'alar ba, Daktur.”

Ba ta fito ba. Na dawo ni kaɗai a bas. Saura kwana biyu.

Juma'a, 23 ga Rajab, bayan La'asar

Na dawo daga masallaci na tarar da ita a bakin ƙofa, don makullinta yana kan firij. Akwatin na gefenta. Ta ce ta zo ne saboda gobe ce ranar ƙarshe. Na buɗe, ta shiga, ta bar akwatin a waje. Ba ta ce a shigo da shi ba, ban tambaya ba.

Ta leƙa kicin. Ta daɗe tana kallo. Ta ja ƙofar ta rufe.

Ta naɗe hannun riga, ta kashe sabuwar fitilata ta kunna tsohuwar. Na fito da na farko na shanya a tire. Ta duƙa. Wahid, itnen, talata. Ashirin da shida. Ta sake, ashirin da shida. Na rubuta. Na biyu, ashirin da biyar. Na uku, ashirin da bakwai. Ba mu yi wata magana ba sai lamba. A na biyar ta miƙa hannu ba ta ɗago ba, na sa mata kofin shayi a ciki.

A na takwas ta jawo takardar ta duba abin da nake rubutawa. Sai ta yi magana da Hausa, abin da takan yi sau biyu a shekara.

“Isah, gyara bakwai ɗin nan, kamar ɗaya yake. Sunana ne a sama.”

Shekara bakwai da aure ban taɓa jin sunana a bakinta ba. A Rano, mace ta kira mijinta haka gatsal, sai an tara dangi. Na buɗe baki zan yi magana. Na duba gabas, na duba yamma, ban ga inda zan tsaya ba.

Na gyara bakwai ɗin. Sannan na tashi na shigo da akwatin.